Halifa Ma'amun da Allon Taƙi Biyu



Bayan sallar Isha'i, idan muka taso daga zauren Maigida za mu wuce gida, mukan tarar da samarin zango a bencin mai shayi, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Da fari mun ɗauka ƙwallo suke kallo. Daga baya muka gane wasunsu shaɗaranji suke bugawa, wasan da su suke kira ces, suna karawa da mutanen da ba su taɓa gani ba a wasu ƙasashe. Ɗaya daga cikinsu, wani tela mai natsuwa, ya koka mana cewa shekara biyu ke nan yana bugawa kusan kullum, amma lambar da ake auna ƙarfinsa da ita ta ƙi gusawa, in ta hau yau, jibi ta sauko. Kukan nasa ya tuna mana da wani mutum da ya yi irinsa shekara dubu da ɗari biyu da suka wuce, alhali shi ne mai riƙe da ragamar daular Musulunci a zamaninsa.

Mun san wasu dattawanmu za su ɗaure fuska tun daga jin sunan wasan, kuma suna da hujja. Wanda ya sauke Risala a zaure ya san Ibn Abi Zaid ya haɗa shaɗaranji da nardi cikin abubuwan da bai halatta a yi wasa da su ba, kuma Imamu Malik ya ƙi shi. Shafi'iyya sun sassauta zuwa karhanci, matuƙar babu caca a ciki kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Fatawa ta malamai ce, mu tarihi muka zo da shi.

Abdullahi al-Ma'amun ɗan Haruna Rashid ne. An haife shi a shekarar 786 Miladiyya, ya yi halifanci daga 813 zuwa 833, wato 198 zuwa 218 bayan Hijira. Sai da aka zubar da jini kafin ya hau, domin ya yaƙi ɗan'uwansa Amin, rundunarsa ƙarƙashin Ɗahir bin Husaini ta yi wa Bagadaza ƙawanya har aka kashe Amin ɗin. Gidan nasu gidan 'yan shaɗaranji ne. An ruwaito cewa manzo ya zo wa Amin da mummunan labarin yaƙi yana tsakiyar wasa da baransa Kausar, sai ya ce a dakata masa domin ya hango yadda zai kashe sarkin Kausar. A wata ruwayar kuma kamun kifi suke yi. Ko wacce ce daidai, masu tarihi abu ɗaya suke son nunawa game da halin Amin.

Ma'amun kuwa ba ya cikin gafalallu. A zamaninsa fassarar littattafan Yunanawa zuwa Larabci ta bunƙasa. Shi ya tura masana taurari sararin Sinjar su auna tsawon daraja ɗaya ta kewayen ƙasa, kuma a ƙarƙashin inuwarsa Khawarizmi ya rubuta littafin aljabara. Yakan tara malamai ranar Talata a yi muhawara a gabansa, yana sa baki da hujja. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ya san da haka.

Amma ga abin da Imamu Suyuɗi ya kawo a kansa cikin Tarikhul Khulafa. Suyuɗin nan shi ne dai wanda ya rasu a 1505, wanda ya taɓa aika wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan Katsina da Agadas. Ya ce Ma'amun yana matuƙar son shaɗaranji, yana ganin wasan na wasa ƙwaƙwalwa, har ba ya son a gayyace shi da kalmar wasa, ya fi son a ce a zo a gwabza. Sa'an nan ya ƙara da cewa bai ƙware a kansa ba. Halifan da kansa yakan yi mamakin yadda yake iya juya al'amuran duniya ba su gagare shi ba, amma allon da bai wuce taƙi biyu a tsaye da taƙi biyu a kwance ba ya fi ƙarfinsa.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan allon nan, domin ya sha bamban da wanda ke cikin wayar telanmu. Wasan ya samo asali a Indiya wajen ƙarni na shida, ya shiga Farisa, Larabawa suka gaje shi bayan buɗe Farisa. Gidajen allon sittin da huɗu ne kamar yau, 'ya'yan wasan talatin da biyu. Sarki, wanda suke kira shah, da doki, da rukh, wato karusar yaƙi, tafiyarsu ba ta sake ba har yau. Amma a gefen sarki babu sarauniyar da ke ratsa allo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Firzan ne a wurin, mai ba sarki shawara, wanda gida ɗaya tak yake takawa a karkace. Giwa kuma tsallen gida biyu take yi a karkace, kuma duk yawonta gidaje takwas kaɗai take iya sauka a kansu cikin sittin da huɗun. Dakare taku ɗaya yake yi ko a fitarsa ta farko, in ya kai ƙarshen allo kuma firzan kawai zai zama. Kashe sarki yana da wuya da irin waɗannan raunanan 'ya'ya, saboda haka wanda ya cinye wa abokin karawarsa komai ya bar sarkinsa tsirara shi ma ya yi nasara. Sai wajen 1475, a ƙasar Sifaniya, aka ba sarauniya da giwa ƙarfin da suke da shi yanzu.

Duk inda wasan ya sauka, mutanen wurin sukan raɗa wa 'ya'yansa sunayen fadarsu. Ya iso har Barno, inda ake kiransa tsatsarandi, sarki ya zama Mai, na gefensa Ciroma, na kusurwa Kaigama. Turawan mulkin da suka rubuta labarinsa a shekarun 1920 da 1930 sun tarar da shi yana dab da ɓacewa, 'yan dattawa ƙalilan ke iya shi.

To, wasa ne mai nawa, na haƙuri da dogon lissafi, irin wanda ya dace da mutum kamar Ma'amun. Me ya hana shi ƙwarewa?

Hanya biyu mai koyo yake da su a zamaninsa: ya zauna ya kalli gwanaye, ko ya kara da wanda ya fi shi ya sha kashi har ya gane kurensa. Ma'amun ya gwada duka biyun, kuma kujerarsa ta tare masa duka biyun.

Bayan kashe Amin bai garzaya Bagadaza ba, ya yi shekaru a Marwa ta ƙasar Hurasan, sai a 819 ya shiga birnin. An ruwaito cewa a kan hanyarsa ta dawowa ya sa aka tara masa manyan gwanayen lokacin, irin su Rabrab da Jabir al-Kufi da Abdulgaffar al-Ansari, su buga yana kallo. Mutanen nan a tsakaninsu sun saba da barkwanci da gatse da zolayar juna, kamar yadda muke ji a gindin bishiya wajen 'yan dara. A gaban Halifa kuwa sai kowa ya kame, baki ya mutu, hannu ya yi nauyi. Ma'amun ya lura. Ya gaya musu cewa shaɗaranji ba ya tafiya tare da kwarjini, su saki jiki su yi magana kamar yadda suke yi in su kaɗai ne. Umarni ne mai kyau, sai dai wanda ya bayar da shi shi ne dalilin kamewar. Kuma abin da mai koyo ya fi buƙata a wajen gwanaye yana cikin waccan zolayar, inda ɗaya zai ce wa ɗaya takun da ya yi na wauta ne, ya nuna masa dalili.

Ruwaya ta biyu ta fi zafi. Yana bugawa da wani bafadensa, sai ya fahimci mutumin da gangan yake sakaci domin Halifa ya ci. Ma'amun ya kifar da allon, ya ce wato an mai da shi yaro ana wasa da hankalinsa, sa'an nan ya sa mahalarta suka shaida ya yi rantsuwa ba zai ƙara bugawa da wannan mutum ba.

Mu da muke riƙe wa manya alƙalami ba ma gaggawar zargin bafaden nan. Mun san nauyin da ke kan harshe idan babba ya yi shifta ta wasiƙa da kuskure a ciki, ya ɗago kai ya ce, ya ka ji ta? Sau da yawa abin da ke fitowa shi ne, ta yi, ranka ya daɗe, sai a gyara a ɓoye wajen kwafewa, shi kuma babban ya ci gaba da zaton bai taɓa kure ba. Bafaden Ma'amun ya auna tsakanin fushin wanda aka cinye da fushin wanda aka yaudara, ya zaɓi wanda yake ganin ya fi sauƙi, sai dara ta ci gida. Abin da ba mu manta ba shi ne, an kama wannan ne don bai iya ɓoye sakacinsa ba. Wanda ya fi shi gwaninta zai iya faɗuwa ta hanyar da Halifa ba zai taɓa ganewa ba. Ke nan duk nasarar da Ma'amun ya samu a kan allo akwai shakka a cikinta, kuma mai hankali irinsa ba zai rasa sanin haka ba. Wanda bai san haƙiƙanin matsayinsa ba, ta ina zai fara gyara?

Maganin wannan matsala ya zo, amma bayan ransa. Littafin shaɗaranji mafi daɗewa da aka sani na al-Adli ne, wanda ya rubuta wajen 840, shekaru kaɗan bayan rasuwar Ma'amun. Al-Adli shi ne zakaran zamaninsa har ranar da wani mai suna ar-Razi, ba likitan nan da aka sani ba, ya kayar da shi a gaban Halifa Mutawakkil. A littattafan wannan zamani aka kasa 'yan wasa hawa biyar. Na ƙoli su ne aliyat, waɗanda ba sa wuce biyu ko uku a lokaci guda, kuma an ce sukan hango taku goma a gaba. Na biye da su mutaƙaribat, wato makusanta, masu cin wasa biyu zuwa huɗu cikin goma idan suka kara da na ƙoli. Ma'aunin hawa-hawan shi ne ratar da gwani zai ba mutum tun kafin a fara: makusanci a cire masa dakare ɗaya daga rundunar gwani, na uku a cire firzan, na huɗu doki, na biyar rukh sukutum. Wanda rukh ma bai ishe shi ba, bai shiga lissafi ba tukuna.

A ganinmu wannan ba da rata ita ce mafi hikimar abin da suka ƙago. Gwani ba ya buƙatar sakaci don ya faranta wa mai rauni, an riga an rage masa ƙarfi a fili kowa yana gani, saura ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Mai rauni kuma in ya ci, ya san da guminsa ya ci, kuma ya san adadin ratar da aka ba shi. Ranar da ya fara cinye wanda ya ba shi rukh a kai a kai, sai a koma ba shi doki, ya ga hawansa da idonsa. Sai dai sharaɗin shiga wannan tsani shi ne mutum ya yarda a faɗi a gaban jama'a cewa shi ɗan hawa na biyar ne. Muna tambayar kanmu wane bafade ne zai iya duban Sarkin Musulmi ya ce zai cire rukh ɗinsa kafin su fara.

Wanda ya kai wannan ilimi ƙoli shi ne Abubakar as-Suli. Mu magatakarda muna da wani dalili na son sa, domin shi ne mai Adabul Kuttab, littafin ladubban masu rubutu a fada, ban da tarihin halifofi da ya rubuta da diwanan mawaƙa da ya tattara. Shi ya yi wa 'ya'yan wasan kuɗi don mai koyo ya san abin da zai musanya da abin da zai riƙe. Ya sa rukh a dirhami ɗaya, doki kashi biyu cikin uku na dirhami, firzan wajen sulusi, giwa rubu'i, dakaren tsakiya shi ma rubu'i, dakaren bakin allo kuwa sumuni. A duba yadda dakaren tsakiya ya yi kunnen doki da giwa, ya ninka ɗan'uwansa na gefe. Darasin da ake koya wa yara yau, cewa a fara mallakar tsakiyar allo, yana cikin wannan lissafi tun ƙarni na goma.

Sun kuma tsara abin da suka kira ta'abiya, wato jera runduna. Tun da 'ya'yan wasan ba su da sauri, rundunonin biyu sukan yi taku goma sha wani abu kafin su haɗu, saboda haka kowa yakan gina sahunsa bisa wani fasali sananne mai suna. Akwai mujannah, mai fukafukai, akwai sayyal, mai kwarara kamar ambaliya, akwai masha'ikhi, ta dattawa. Almajirin as-Suli, wanda ake wa laƙabi da al-Lajlaj saboda i'ina, ya bi wasu daga cikinsu taku bayan taku yana bayyana dalilin kowanne, maimakon ya ce a haddace kawai.

Sai mansuba, wadda ita ce allon karatun mai koyo. Za a jera 'ya'ya kaɗan a wani yanayi, a ce fari ko baƙi zai yi nasara, nemo hanyar. Sau da yawa sarkin mai neman yana bakin halaka, taku ɗaya ya rage a kashe shi, don haka dole kowane motsi nasa ya zama farmaki a kan sarkin abokin gaba, ko da zai sadaukar da rukh biyu. Mansuba ba ta san Halifa ba, ba ta san tela ba. Mutum zai zauna da ita shi kaɗai, ko ya warware ko ya kasa. As-Suli ya bar wata guda mai 'ya'ya huɗu kacal, sarki da firzan a kowane ɓangare, ya ce bai san wanda ya warware ta ba in ban da wanda shi ya nuna wa. Ta zauna kimanin shekara dubu, sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya fito da warwararta, aka tabbatar as-Suli ba cika baki ya yi ba.

Shigar as-Suli fada ma ta kan allo ta bi. Mas'udi ya kawo cewa Halifa Muktafi, wanda ya yi mulki daga 902 zuwa 908, yana da ɗan wasan da yake ji da shi mai suna al-Mawardi, wanda ba shi ne alƙalin nan mai Ahkamus Sulɗaniyya ba, shi wancan ya zo daga baya. Da aka haɗa su, Halifa ya fito fili yana goyon bayan mutuminsa yana ƙarfafa shi, har as-Suli ya rikice a farko. Da ya dawo hayyacinsa sai ya yi wa al-Mawardi cin da ba gardama a cikinsa. Muktafi ya juya wa mutumin nasa baya da wata baƙar magana a kan sunansa, wanda ke nufin ruwan wardi, cewa ruwan ya koma wani abu da ba za mu ambata a wannan shafi ba. As-Suli ya zauna a fada ya yi wa halifofi uku hidima, ya koyar da Radi tun yana yaro. Ƙarshensa dai a Basra ya rasu wajen 946, cikin ɓuya da ƙuncin rayuwa.

Lambar da ke damun telanmu jikar waccan rata ce. Wani malamin kimiyya a Amurka, ɗan asalin Hangari mai suna Arpad Elo, shi ya tsara lissafinta, hukumar wasan ta duniya ta karɓe ta a 1970. A bisa wannan lissafi, wanda ya fi ka da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na sakamakon karawarku, abin da bai yi nisa da tazarar aliyat da makusantansu ba. Abin da muka gaya masa a bencin mai shayi shi ne, yana riƙe da abin da Ma'amun ya nema bai samu ba: abokan karawa da ba su san shi ba balle su ji nauyinsa, da ma'aunin da ba ya yi masa kara. Da muka tambaye shi ko yakan koma ya duba wasan da aka cinye shi, sai ya yi dariya ya ce da an cinye shi yake danna sabo don ya rama. Mansubobi kuwa, waɗanda ke cike da wayar tasa kyauta, ya ce suna cin lokaci.

Akwai sauran magana ɗaya a kan Ma'amun wadda ba za mu tsallake ba, ko da ta fita daga kan allo. A shekararsa ta ƙarshe, 218 bayan Hijira, yana Raƙƙa a kan hanyar yaƙi da Rumawa, ya rubuta wa wakilinsa a Bagadaza, Ishaƙ bin Ibrahim, cewa a tara alƙalai da malaman hadisi a jarraba su a kan ra'ayin da ya ɗauka na cewa Alƙur'ani halitta ne. Mafi yawansu suka amsa da abin da ake so su amsa saboda tsoron takobi, kuma ba mu isa mu zarge su ba. Ahmad bin Hambal da Muhammad bin Nuh suka ƙi. Mutumin da ya kifar da allo don an bar shi ya ci, ya rantse ba zai ƙara zama da mai yi masa kara ba, shi ne ya karɓi amsar waɗanda tsoro ya sa suka bar masa, ya sa aka ɗaure biyun da suka tsaya da sarƙa a kawo masa su. Wannan ya fi ba mu mamaki a kan gazawarsa a taƙi biyu.

Ba su kai gare shi ba. A wannan shekara ya sauka a bakin wani rafi mai sanyi a Bazandun, ya tsoma ƙafafunsa a ruwan, ya ci ɗanyen dabino, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a watan Rajab, Agustan 833. Labarin rasuwarsa ya riski fursunonin biyu a hanya, aka juya da su. Muhammad bin Nuh ya rasu kafin su iso Bagadaza, Ahmad kuma ya sha ɗauri da bulala a hannun Mu'utasim. Shi Ma'amun an kai gawarsa Ɗarsus aka binne, bai cika shekara hamsin ba.